Ɗabi'ar Ƙananan Dangin Jatan Lande da Alaƙarta da Ruwan Sha: Daga Gaɓar Teku Zuwa Kududdufan Jos

Tsakure

Wannan takarda ta duba ɗabi'ar rukuni uku na ƙananan dangin jatan lande, wato amfifod da aisofod da kofifod, musamman yadda ɗabi'ar ke sauyawa idan wata tsutsa ta shiga jikinsu. An auna abin da aka gano a kan rukunin farko da na biyu, aka ɗora shi a kan kofifod mai ɗauke da tsutsar kurkunu. Takardar ta nuna cewa nutsewar kofifod mai cuta zuwa ƙasan tafki ta fi kama da illar rashin lafiya fiye da dabarar tsutsa, kuma yadda mutane ke ɗibar ruwa ne ya mayar da wannan illa hanyar yaɗuwar cuta. An gwada wannan matsayi da yanayin ruwan Jos, aka ɗauki unguwar Rikkos a matsayin misali.

1.0 Gabatarwa

Ƙaguwa da jatan lande su ne sanannu a cikin wannan dangi, amma mafi yawan 'yan dangin ƙanana ne da ba a kai su kasuwa. Amfifod jikinsa a matse yake daga gefe da gefe, yana iyo a karkace. Aisofod kuwa a baje yake daga sama zuwa ƙasa, da ƙafafu bakwai-bakwai masu kama da juna. Kowanne daga cikin rukunin biyu yana da jinsi kusan 10,000 da aka tantance, kuma mace a cikinsu tana riƙe ƙwai a wata jaka da ke ƙirjinta har 'ya'yan su fito da kamannin iyayensu. Akasarin amfifod a teku suke. Aisofod ya fi su yawo, don kusan rabin jinsunansa sun bar ruwa sun zauna a tudu, kuma su ne ƙwarin nan masu launin toka da ake tararwa ƙarƙashin randa ko tulin duwatsu a wuri mai laima.

Rukuni na uku, kofifod, shi ne ya fi shafar ƙasar Hausa. Tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ido ɗaya gare shi a tsakiyar kai, kuma yana tafiya a ruwa da tsalle-tsalle, shi ya sa za a kira shi ƙumar ruwa a wannan takarda. Ita ce masaukin wucin-gadi na tsutsar kurkunu. Manufar takardar ita ce amsa tambaya guda: shin sauyin ɗabi'ar da ake gani a ƙumar ruwa mai ɗauke da kurkunu irin wanda aka tabbatar ne a amfifod da aisofod, kuma me amsar ke nufi ga masu kula da ruwan sha a Jos?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

2.1 Ɗabi'ar lafiyayyun halittu

A 1937 Gunn ya nuna cewa aisofod na tudu mai suna Porcellio scaber ba ya nufar laima kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ƙara sauri a busasshiyar iska da rage tafiya a wuri mai danshi, har a ƙarshe a tarar da su sun taru inda laima take. A 1953 Pardi da Papi, a gaɓar tekun Italiya, suka gano cewa amfifod na rairayi, Talitrus saltator, idan aka ɗauke shi daga jiƙaƙƙen yashi yana komawa wajen teku ta hanyar duba kusurwar rana, yana kuma gyara lissafinsa da tafiyar lokaci. Ayyukan biyu sun kafa abu ɗaya: inda ƙaramar halitta take zama a muhallinta ba dace ba ne, ɗabi'a ce da za a iya aunawa.

2.2 Ɗabi'ar masu ɗauke da cima-zaune

Da kalmar cima-zaune ana nufin halittar da ke rayuwa a jikin wata tana ci daga gare ta. Aikin da ya buɗe wannan fage shi ne na Bethel da Holmes a 1973 a lardin Albata na Kanada. Sun lura cewa amfifod na tafki, Gammarus lacustris, idan lafiyarsa ƙalau, yana gudun haske, kuma da an motsa ruwa sai ya nutse cikin laka. Wanda tsutsar Polymorphus paradoxus ta shiga kuwa sai ya yi akasin haka: ya hau saman ruwa, ya maƙale wa duk abin da ke yawo, ya ƙi saki, har agwagwar ruwa ta cinye shi. Agwagwar tana cikin masaukan ƙarshe na tsutsar. Abin da ya ƙara wa binciken nauyi shi ne sauyin ba ya bayyana sai tsutsar ta kai matakin da za ta iya kama tsuntsu. A 1990 Helluy da Holmes suka yi wa lafiyayyun amfifod allurar sinadarin serotonin, sai ga su suna maƙalewa kamar masu cuta, wanda ya nuna cewa tsutsar tana taɓa jijiyoyin mai masaukinta ne.

A 1983 Janice Moore ta samu makamancin wannan a aisofod na tudu, Armadillidium vulgare. Masu ɗauke da tsutsar Plagiorhynchus cylindraceus sun fi fitowa fili da zama a wuri mai ƙarancin laima, kuma tsuntsaye sun fi kai su ga 'ya'yansu a sheƙa.

Bayan waɗannan ayyuka an shiga kiran kowane sauyin ɗabi'a da sunan dabarar cima-zaune, har Poulin ya ja burki a 1995. Ya nuna cewa halitta marar lafiya takan yi kasala ko ta ɓata hanya ba tare da wata dabara ba, don haka sai an cika sharuɗɗa kafin a ce cima-zaune ne ke sarrafa ta. Wannan gargaɗi shi ne ma'aunin da aka ɗauka a nan.

2.3 Ƙumar ruwa da kurkunu

Masanin Rasha Fedchenko ne, wajajen 1870 a tsakiyar Asiya, ya fara gano cewa tsutsar kurkunu tana girma a cikin ƙumar ruwa. Leiper ya tabbatar da haka a Akara a 1905, ya kuma nuna cewa ruwa mai tsami irin na cikin ciki yana kashe ƙumar ya saki tsutsar. A Nijeriya, Sanya Onabamiro na Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya wallafa a 1951 cewa jinsin Thermocyclops nigerianus ne ke yaɗa cutar a wani ƙauye na kudu maso yamma. A 1954 ya bi hawa da saukar ƙumar a cikin yini, ya ga cewa masu ɗauke da tsutsa sukan yi nauyin jiki su zauna a ƙasan ruwa. Muller ya tattara ilimin da ake da shi a 1971, sannan Edungbola da Watts suka yi aiki a yankin Asa na jihar Kwara a shekarun 1980, inda aka ga yadda rijiyoyin burtsatse suka karya cutar.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Takardar ta dogara ne ga bitar wallafaffun ayyuka da kwatanta su. An ɗauki sharuɗɗa uku daga muhawarar da Poulin ya tayar. Na farko, sauyin ɗabi'a ya zama mai tsari, ba kasala kawai ba. Na biyu, ya zo daidai lokacin da tsutsar ta isa kama masauki na gaba. Na uku, ya ƙara yawan tsutsotsin da ke isa wannan masauki. An gwada ƙumar ruwa mai kurkunu a kan sharuɗɗan, sannan aka duba nau'o'in ruwan da ke Jos ta fuskar zafi da zurfi da yadda ake ɗiba.

4.0 Nazari

4.1 Zagayen kurkunu da kalandar tafki

Macen kurkunu takan kai kusan mita 1. Bayan wata 10 zuwa 14 a jikin mutum, sai ta tayar da bororo mai zafi, galibi a ƙafa. Mai ciwon yakan tsoma ƙafar a ruwa don ya samu sauƙi, ko kuma ya shiga tafki ɗibar ruwa kamar kullum, sai ta fesar da dubban ɗaruruwan ƙananan tsutsotsi. Waɗannan kwanaki kaɗan gare su a ruwa. Idan ƙumar ruwa ba ta haɗiye su ba, sun mutu. Motsin da suke yi ne yake jawo ta, domin manyan jinsunan ƙumar mafarauta ne. A cikin cikinta tsutsar takan yi saɓa sau biyu, ta isa kama mutum cikin kimanin mako biyu.

Akwai wani ɓangare na wannan zagaye da ba a cika tsayawa a kansa ba. Tafkunan ƙasar Hausa na damina ne, sukan ƙafe da rani. Ƙumar ruwa tana da mafita, don takan shiga wani irin dogon barci a cikin busasshiyar laka, ta farka da ruwan farko. Tsutsar kurkunu ba ta da wannan baiwa. Ba ta iya ƙetare rani a tafki, sai a jikin masaukinta na ƙarshe, kamar ɗan Adam. Shi ya sa kusan shekara guda da take ɗauka kafin ta fito ya dace da dawowar tafki da ƙumar da ke cikinsa. A yankin Sahel, da arewacin Nijeriya kafin a kawar da ita, cutar takan tashi da damina, lokacin da tafkuna suka cika kuma manoma ke sha daga na kusa da gona. A kudu kuwa, a wancan lokaci, da rani takan tashi, sa'ad da ƙoramu suka tsinke suka zama 'yan kududdufai. Haɗuwar fitowar tsutsa da lokacin noma ita ce ta sa asarar ta wuce ta lafiya, domin mutum kan kwanta makonni daidai lokacin shuka da noman farko.

Wannan rauni na tsutsar shi ne ƙofar da aka bi aka kashe ta. Idan ƙauye ya yi damina ɗaya ba wanda ya haɗiyi ƙuma mai cuta, zagayen ya yanke, ba tare da magani ko rigakafi ba, waɗanda har yau babu su.

4.2 Nutsewar ƙuma: dabara ko rashin lafiya?

A kan sharaɗi na farko, abin da Onabamiro ya bayyana kasala ce da zama a ƙasa. Ba a ga wata sabuwar ɗabi'a mai tsari irin maƙalewar amfifod ba. Tsutsar da ke cikin ƙumar babba ce idan aka kwatanta da jikin mai masaukin, kuma idan suka yi yawa a ciki ƙumar takan mutu. Halittar da ke ɗauke da irin wannan kaya ba ta buƙatar a sarrafa jijiyarta kafin ta gaza hawa sama.

A kan sharaɗi na biyu akwai misali mai amfani daga cikin kofifod ɗin kansa. Hammerschmidt da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa tsutsar Schistocephalus solidus tana rage motsin ƙumar Macrocyclops albidus tun ba ta isa kama kifi ba, sannan ta ƙara shi idan ta isa. Wannan shi ne kamannin dabara: ɓoyewa da farko, fallasawa daga baya. Tsarin da aka bayyana a kurkunu hanya ɗaya yake bi, daga kuzari zuwa kasala.

Sharaɗi na uku ne ya fi ɗaukar hankali. Mai ɗibar ruwa a cikakken tafki daga sama yake ɗiba da ƙwarya ko bokiti. A wannan hali nutsewar ƙuma nisanta tsutsar take yi daga bakin mutum, ba kusantarwa ba. Sai ruwa ya ja baya, mata da yara suka shiga har gwiwa suna tayar da laka, ƙwarya tana gogar ƙasa, sannan abin da ya kwanta yake shiga tulu. Ke nan ribar da tsutsar ke samu ba daga ɗabi'ar ƙuma kaɗai take fitowa ba, daga haɗuwarta da ɗabi'ar mutum ne. Matsayin wannan takarda shi ne, bisa hujjojin da aka wallafa, bai dace a sa kurkunu a sahu ɗaya da tsutsotsin da Bethel da Holmes ko Moore suka nazarta ba. Abin da ake gani illar cuta ce da al'adar ɗibar ruwa ta ba ta ƙafa.

4.3 Yadda sanin ƙuma ya zama makami

Binciken ƙauye-ƙauye na 1988 zuwa 1989 ya samu fiye da mutum 653,000 da kurkunu a ƙauyuka 5,879 na Nijeriya, adadin da ya ɗara na kowace ƙasa a lokacin. Duk matakan da aka ɗauka a kan ƙumar aka gina su. Matatar leda mai ramuka kimanin maikiron 100 tana tare ta saboda girmanta. Sinadarin temefos, wanda aka fi sani da Abate, ana zuba shi a tafki a ma'aunin miligiram 1 a kowace lita duk bayan mako huɗu. Hana mai ciwo shiga tafki yana yanke wa ƙumar abin haɗiya, rijiyar burtsatse kuma ruwanta ba ya ɗauke da ita.

Jos na da hannu sosai a wannan aiki. A nan Cibiyar Carter ta ajiye babban ofishinta na Nijeriya, ƙarƙashin Dokta Emmanuel Miri, kuma Janar Yakubu Gowon, ɗan asalin jihar Filato, ya shiga gangamin daga 1999 yana zagaya ƙauyuka yana neman gwamnoni su haƙa rijiyoyi. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a watan Nuwamban 2008 a jihar Inugu. A watan Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya da Nijar shaidar kuɓuta daga cutar.

4.4 Ruwan Jos da misalin Rikkos

Jos na bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyinta sananne ne. Tsutsar kurkunu ta fi girma a ƙuma idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 25 da 30, kuma girmanta kan tsaya idan ya sauka ƙasa da kimanin digiri 19. Damina a Jos lokacin gajimare ne da sanyi, musamman Yuli da Agusta. Saboda haka saman tsaunin bai kai ƙasashen da ke gangarensa dacewa da zagayen ba.

Haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20 ta bar ɗaruruwan ramuka cike da ruwa a kewayen Jos da Bukur da Barikin Ladi. Ana iya zaton su ne matattarar haɗari, amma siffarsu ta saɓa da ta tafkin kurkunu. Suna da zurfi, ba sa ƙafewa, da yawansu akwai kifi, kuma ƙananan kifaye ƙumar ruwa suke ci. Haɗarinsu na nutsewar yara ne da gurɓatar ƙasa, wanda wani fage ne daban.

Rikkos unguwa ce mai cunkoso a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, inda gidaje ke dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa idan famfo ya ɗauke. Kurkunu ba shi ne abin tsoro a nan ba. Abin dubawa shi ne cuɗanyar ruwan sama da ruwan sha. Ambaliyar watan Yulin 2012, lokacin da madatsar Lamingo ta tumbatsa bayan ruwa mai ƙarfi, ta kashe sama da mutum 30 a Jos, kuma Rikkos na cikin unguwannin da ta fi yi wa ɓarna. Irin wannan ruwa yana kwashe abin da ke cikin tafki da kwata da masai ya zuba a buɗaɗɗiyar rijiya.

A nan ƙumar ruwa ta sake shigowa ta wata ƙofa. Rita Colwell da Anwar Huq sun nuna cewa ƙwayar kwalara tana manne wa ɓawon kofifod da yawan gaske. A gwajin da suka wallafa a 2003, ƙauyuka 65 na yankin Matlab a Bangaladash, tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka aƙalla sau huɗu ya rage kwalara da kashi 48 cikin 100. Sai dai a kula: Matlab yanki ne na koguna inda ƙwayar ke zaune a ruwa, alhali a biranen tudu babbar hanyarta ita ce bayan gida da ya shiga ruwan sha. Zane na tare ƙuma da abin da ya manne mata, ba ya tare ƙwayar da ke yawo ita kaɗai. Taimako ne a ranar da babu itacen tafasa ruwa ko kulorin, ba madadinsu ba.

4.5 Abin da ya rage a maƙwabta

Daga mutum kimanin miliyan 3.5 a 1986, masu kurkunu a duniya sun sauko zuwa 14 a 2023. Amma tun 2012 aka fara ganin cutar a karnuka a gaɓar kogin Shari a Cadi, har ta kama kusan 2,000 a 2019, kuma ta ɓulla a karnukan iyakar Kamaru. Ana kyautata zaton karnukan na samunta ne ta cin kayan cikin kifi ko kwaɗi da suka haɗiyi ƙuma. Kogin Shari a tafkin Cadi yake zubewa, tafkin da jihar Barno ke bakinsa. Wannan ya rusa tsohon zaton cewa mutum ne kaɗai ke ƙetarar da tsutsar daga damina zuwa damina.

Akwai kuma wata shawara da ke yawo a fagen yaƙi da sauro. A Biyetnam an yi nasarar zuba ƙumar Mesocyclops a tankunan ruwan gidaje don ta cinye tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin dengi. Wannan jinsi yana cikin masu ɗaukar kurkunu a Afirka. Kwaikwayon dabarar a randunan arewacin Nijeriya kafin a tabbatar da ƙarewar cutar a Cadi da Kamaru ganganci ne.

5.0 Shawarwari

Gwajin da zai yanke hukunci a kan sashe na 4.2 ba mai tsada ba ne. Ana buƙatar dogon bututun gilashi, da ma'aunin zafi, da lura da matsayin ƙuma kullum daga ranar da ta haɗiyi tsutsa har ta isa, a kwatanta da lafiyayyu. Tun da babu kurkunu a Nijeriya, sai dai a yi shi da haɗin gwiwar masu bincike a Cadi.

Abin da za a iya farawa a gida shi ne lissafin jinsunan. Ya kamata Sashen Nazarin Dabbobi na Jami'ar Jos ya ɗauki samfurin ruwa wata-wata daga ramukan kuza, da madatsar Lamingo, da buɗaɗɗun rijiyoyin unguwannin Rikkos da Gangare, a tantance irin ƙumar da ke ciki da zafin ruwan a kowane lokaci. Ma'aikatan lafiya na unguwa kuma su ci gaba da koya wa gidaje tace ruwa, domin yaran da aka haifa bayan 2008 ba su taɓa ganin kurkunu ba, kuma matatar leda ta ɓace daga bakin randa. Ana kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jihar Filato da ta sa likitocin dabbobi cikin tsarin sa ido, ta yadda duk karen da aka ga farar tsutsa na fita daga ƙafarsa za a ɗaure shi nesa da ruwa a kai rahoto cikin awa 24.